Me ya sa mutum biyu ke kallon fim ɗaya, su saɓa kan dalilin ɗan wasa?

Mai buɗe zance, Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum. Duk inda aka taru kallon fim mai dogon zango, wurin mai shayi ne ko tsakar gida, da an tashi sai gardama. Wannan ya ce kawun yaran ya tsani matar wansa ne don hassada, wancan ya ce sonta yake a ɓoye. Waɗanda suka san harkar, ku nuna mana inda ake ɓacewa.

Mai tura fim, kasuwar Garwa:
Wa alaikumus salam Malam. Rabin gardamar nan daga waya take fitowa. Idan aka sa wa kashi-kashin suna 1, 2, 3 har zuwa 20, wayoyi da yawa sai su jera su 1, 10, 11, 12, sannan 2 ya zo can ƙasa. Mutum ya ga an kori yarinya daga gida tun bai ga sharrin da aka ƙulla mata ba, dole ya ce uban azzalumi ne. Gyaran mai sauƙi ne: a sake sunan ya zama 01, 02, 03. Sannan a duba tsawon kowane kashi. In sauran minti 50 ne, ɗaya ya zo da 31, an yanke shi, ko dai sauke shi bai kammala ba, ko wani ya datse talla ya haɗa da wasan. Haka wurin tuna baya: masu shiryawa kan dushe launin hoton don a gane abin da ya wuce ne, amma in an matse bidiyon don ya yi ƙanƙanta, a ƙaramin gilashi bambancin ba ya fitowa. Sai ka ji ana cewa mamaci ya dawo.

Malamin islamiyya, Ngaundere:
Misalin kawun nan da aka kawo, lissafin gado ne ke warware shi, kuma marubutan Kano sun san lissafin. A ce mutum ya rasu ya bar miliyan 24 bayan an biya bashi, da mata biyu, 'ya'ya mata biyu, da ƙaninsa shaƙiƙi, iyaye kuma sun riga shi. Matan suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3, su raba tsakaninsu. 'Yan matan suna da kashi biyu cikin uku, miliyan 16. Ragowar miliyan 5 ta ƙanin ce. To amma in amarya tana da ciki ta haifi namiji, ƙanin ba shi da ko sisi, ɗa ya katange shi. Kuma a mazhabar Malikiyya ba a raba gadon sai an haihu. Saboda haka in kun ga kawu yana matsa a raba dukiya tun kafin sadakar arba'in, ko yana jefa shakka kan cikin, ba sai an nemo soyayyar ɓoye ba. Ku lura kuma, wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa, shi ya sa mai makirci a fim ke wahalar ɓoye hannunsa fiye da yadda tsoron kurkuku kaɗai zai sa shi.

Hajiya mai ɗinki, Domayo, Marwa:
Allah ya saka da alheri Malam. A ƙara da idda. Mata da yawa kan zagi wadda aka saka ta ƙi barin gidan, su ce ba ta da zuciya, alhali saki ɗaya ne, kuma zaman idda a ɗakinta shi ne ƙa'ida. A fara ƙirga sakin tukuna: ɗaya ne, biyu, ko uku? Mai takaba kuma wata huɗu da kwana goma ne, mai ciki sai ta haihu. Da wannan ake auna lokacin da ya wuce a labarin. Ni abin da nake dubawa shi ne lallen hannun amarya. In har yanzu baƙi ƙirin yake, bikin bai daɗe ba, ko da an yi kashi shida a tsakani. Wanda bai lura ba zai ce ta yi watanni tana haƙuri, alhali kwanaki ne.

Ma'aikacin rediyo, Njamena:
Hajiya, lallen yana taimakawa, amma kar a dogara da shi ɗari bisa ɗari. Ba a ɗaukar fim bi da bi. Duk abin da zai faru a falo ɗaya ana iya ɗauke shi a kwana biyu, ko da a labarin shekara ce, don haka lalle da aski kan yi ƙarya. Ma'aunin da ya fi ƙarfi shi ne: me ɗan wasan ya sani a wannan lokacin? Mu masu kallo mun ji ƙus-ƙus ɗin kishiya a bayan ƙofa, mijin bai ji ba. A rubuta tambaya uku: me ya sani, wa ya gaya masa, me zai rasa in ya yi shiru. In ukun sun kasa bayyana abin da ya aikata, to nan ne za a ce marubuci ya yi rauni, kuma hakan na faruwa, musamman in an ja labari don ƙara zango.
Game da na Turkiyya da muke gani da Faransanci: a can kashi ɗaya kan wuce awa biyu, sai a yanka shi zuwa kusan minti 45 don kasuwar waje. Inda naku ya tsaya ba lallai ne nan marubuci ya so a tsaya ba, kar a gina hujja a kansa.

Ɗan canji, Kuseri:
Yallaɓai ka manta kuɗi. Fim ɗin Najeriya da naira yake magana, mu kuma kunnenmu sefa yake ji. Ita ma nairar ba ɗaya ba ce a kowace shekara: a 2020 dalar Amurka ba ta wuce naira 500 ba, cikin 2024 ta haura 1,000. Miliyan ɗaya da aka ci amana a kanta a zangon farko ba ita ce miliyan ɗayan zango na takwas ba. A duba shekarar da aka ɗauki zangon kafin a ce mutum ya sayar da ɗan'uwansa da arha.

Hajiya mai ɗinki, Domayo, Marwa:
Saura ɗaya da ke ruɗa waɗanda suka saba da na Novelas TV, tashar finafinan ƙasashen waje masu dogon zango. A finafinan Kano namiji da mace ba sa taɓa juna, hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001 tana sa ido a kan haka. Miji ya dawo daga doguwar tafiya ya tsaya nesa da matarsa, ba alamar ya daina sonta ba ne. A duba ko ya ci abincinta, a ɗakin wa ya ajiye jakarsa, da kuma wa ya miƙa wa tsarabar ta raba.