Muhawara: NRF sabon abu ne, ko an canza wa tuwo suna ne?

Malam Isa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wani zaman bita a Wuse na ji wani matashi yana ta kambama NRF, wato ma'ajiyar da sassan cibiyar 5G ke rajista a cikinta suna neman juna, wai shi ne ya raba cibiyar 5G da ta 4G. Ni dai abin da na gani, an canza wa tuwo suna ne kawai. A 4G idan MME, mai kula da shigar waya da zirga-zirgarta, tana neman SGW ko PGW, ƙofofin da bayanan waya ke bi zuwa intanet, DNS take tambaya, wato kundin sunaye da adireshi. Ta miƙa APN, sunan hanyar intanet da wayar ke so, ko lambar yankin da wayar take, a dawo mata da jerin sunaye ta NAPTR da SRV, ta zaɓi ɗaya. Takardar TS 29.303 ta 3GPP, masu tsara ƙa'idojin netwok ɗin waya, ta tsara wannan tun tuni. Yanzu a 5G AMF, takwarar MME, tana neman SMF, mai kafa wa waya zaman intanet, ta tambayi NRF, a ba ta jeri, ta zaɓa. Ina sabon abu a nan, in ban da ƙarin saba (server) da za a biya lasisinta da dala?

Binta: Wa alaikumus salam Malam. Da girmanka, amma tambaya ɗaya: a 4G wa yake rubuta sunan PGW a cikin DNS?

Malam Isa: Mu mana. Da hannunmu.

Binta: To a nan aka rabu. A 5G ba mai rubuta wa SMF suna. Tana tashi take aika wa NRF bayanan kanta ta HTTP/2: lambarta ta UUID, irin aikinta, adireshinta, PLMN ɗin, wato netwok ɗin kamfanin da take wa aiki, yankunan netwok (slices) da DNN, takwarar APN a 5G, da take ɗauka, fifikonta da ƙarfinta. NRF ya amsa da 201, wato rajista ta karɓu, ya yanka mata lokacin da za ta riƙa aiko da bugun zuciya, wato saƙon cewa tana raye. Duk bugun da ta aiko tana iya haɗawa da yawan lodin da ke kanta, daga 0 zuwa 100. In lokacin ya wuce shiru, NRF ya maida matsayinta SUSPENDED, ya daina nuna ta ga masu nema, ya kuma aika sanarwa ga duk wanda ya yi rajistar son jin labarinta. Duk yana cikin TS 29.510. DNS ɗinku kuwa ko PGW ta ƙone ƙurmus, sunanta na nan daram sai wani ya farka ya goge.

Ɗanlami: Anti Binta a yi haƙuri da ɗan bautar ƙasa. Wato kamar bambancin allon da aka kafa a bakin tashar Jabi mai cewa akwai motar Jos, da ɗan kamashon da ya san wacce ke lodi yanzu, wacce ta cika, wacce ke wurin bakanike?

Binta: Ka kama shi, sai dai wannan ɗan kamashon ba ya zagayawa. Direbobin ne ke zuwa su faɗa masa da bakinsu.

Malam Isa: Ƙanwata, DNS ma yana karɓar sabuntawa kai tsaye tun 1997, RFC 2136 ke nan. SRV kuma yana da fifiko da nauyi. Da an so, da an ɗora abin da kike faɗa a kansa.

Injiniya Garba: Malam, ana iya ɗora rajistar, amma tambayar ce ba za ta ɗoru ba. DNS suna ɗaya kake ba shi. NRF kuwa ce masa kake: ni AMF ce, ina son SMF mai ɗaukar yankin netwok kaza, da DNN kaza, wadda ke hidima a TAI kaza, wato wurin da wayar take. Ko ina son UDM, mai kula da bayanan masu layi, wadda ke riƙe da rukunin lambobin SUPI, wato lambobin shaidar layi, da wannan layin ya faɗa ciki. Shi zai tace ya ba ka. Ka tuna irin dogayen sunayen da muke ƙerawa a 4G don kawai mu cusa wuri da hidima cikin suna guda, har a riƙa gwada guntayen sunan SGW da na PGW don a gane waɗanda ke ɗaki ɗaya.

Sannan akwai abin da ya fi damuna ni mai harkar tsaro. DNS duk wanda ya tambaya zai amsa masa. NRF yana duba wanda ke tambaya, domin kowane aiki, wato sashen cibiya irin AMF ko SMF, yana iya rubuta irin ayyukan da ya yarda su gan shi. Kuma shi ne mai ba da takardar izini ta OAuth 2.0 kamar yadda TS 33.501 ta tsara. AMF ta karɓo takarda daga NRF, ta nuna wa UDM, sannan UDM ta buɗe mata bayanan mai layi.

Malam Isa: Yauwa, ka taimake ni ba ka sani ba. Rajista a hannunsa, nema a hannunsa, izini a hannunsa. Ranar da ya faɗi fa? Na taɓa kwana a ɗakin saba na wani kamfani saboda DNS ya rikice, ba wanda ya iya buɗe intanet a sabon haɗi har asuba. Kuma shi DNS abu ɗaya kawai yake yi. Wannan uku kuka ɗora masa.

Binta: Ba a faɗuwa nan take. Duk amsar nema tana zuwa da wa'adin aiki, mai tambaya ya ajiye ta ya ci gaba da amfani da ita har wa'adin ya cika. Takardar izini ma tana da nata wa'adin. Zaman da aka riga aka kafa kuma bayanansa ta UPF, ƙofar bayanai ta 5G, suke bi, ba sa leƙa NRF. Kuma ba mai hankalin da zai kafa guda ɗaya, ana raba su ne a garuruwa daban.

Injiniya Garba: A nan kam ina bayan Malam da rabi. Ajiyar da kike magana ita ce kuma ramin. Ka tsawaita wa'adi, AMF ta yi ta buga wa SMF ɗin da ta mutu, sai in ta yi rajistar sanarwa kuma sanarwar ta iso. Ka gajarta shi, tambayoyi su yi wa NRF rubdugu. Mafi muni shi ne ya tashi bayan faɗuwa ba tare da ajiyarsa ba: kowane bugun zuciya zai mayar masa da 404, wato bai san mai aikowar ba, kowa ya sake rajista a lokaci guda. Ko kuma hanyar da ke tsakaninsa da wata cibiya ta yanke, ka san yadda masu aikin titi ke yi da fayiba, sai ya dakatar da ayyukan da lafiyarsu ƙalau, don kawai bai ji bugunsu ba.

Malam Isa: Allah ya yi maka albarka. TTL ne dai, wa'adin ajiye amsar DNS, da muka sha fama da shi.

Binta: Wa'adin ya yi kama da TTL, ban musa ba. Sanarwar ce babu irinta a yadda kuka yi aiki da DNS a 4G. Kuma Malam, lissafinka na zamanin da PGW akwatin ƙarfe ce, a kafa ta ta shekara biyar a wuri ɗaya. Yanzu kwantena ce ta manhaja, lodi ya ƙaru da daddare a tayar da wasu, ya ragu a kashe su. Wa zai zauna yana gyara DNS da hannu a wannan yanayin?

Ɗanlami: To ni wayata tana nuna 5G a Gwarimpa. Ke nan NRF ne ke nemo min hanya?

Injiniya Garba: Ba lallai ba. NCC ta yi gwanjon 3.5GHz a Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023. Amma alamar da ke saman waya ba ta faɗa maka wace cibiya ke baya. Kusan ko'ina a duniya da NSA aka fara, wato eriyar 5G a jingine da cibiyar 4G. In haka ne, MME da DNS ɗin Malam ne ke maka aiki har yanzu. Sai an koma SA, wato 5G mai cibiyar kanta, sannan AMF da NRF su shigo.

Malam Isa: Kun ji ko. Kuma ko a SA ɗin, shi NRF ta yaya ake samunsa? Ko a rubuta adireshinsa da hannu, ko a nemi suna irin nrf.5gc da lambar kamfani da mcc621, lambar Najeriya, wato a tambayi DNS. Aikin da ya yi rajista da suna maimakon IP, wa zai warware sunan? Eriya ma ba ta tambayar NRF don ta sami AMF. Su kansu 3GPP sun bar ƙofa: tsarin A, kowa ya san abokinsa da saitin hannu, babu NRF sam.

Binta: Sun bar ta, kuma ƙaramar cibiya ta masana'anta mai AMF ɗaya da SMF ɗaya tana iya wucewa ta nan. Babban kamfani ba zai iya ba. Hasali ma Release 16 na 2020 gaba ya ƙara, ya kawo SCP, mai shiga tsakani wajen isar da saƙonni. A tsarin D, AMF ba ta nema da kanta, ta miƙa wa SCP saƙon da sharuɗɗanta, shi ya tambayi NRF ya isar. Wannan yana rage rubdugun da Injiniya ya ambata, tunda ajiyar ta taru wuri ɗaya.

Injiniya Garba: DRA, mai rarraba saƙonnin Diameter a cibiyar 4G, ya dawo ke nan, kada Malam ya riga ni faɗa.

Malam Isa: Ai na bar maka. Rajistar kai da takardar izini, na ji, babu su a wurinmu. Amma maganar cewa yana cire mataccen aiki da wuri, sai na gani da idona. Ɗanlami, kana da Open5GS, manhajar kafa cibiyar 5G, a kwamfutarka ko?

Ɗanlami: Ina da shi Yallaɓai, har da UERANSIM mai kwaikwayon waya da eriya.

Malam Isa: To ka tayar da SMF biyu, ka kashe ɗaya da ƙarfi yadda ba za ta samu ta yi sallama da NRF ba. Ka naɗo mana saƙonnin da ke wucewa da Wireshark daga lokacin da ta mutu zuwa lokacin da AMF ta daina aika mata. Daga nan ka kashe NRF ɗin kansa ka gwada haɗa sabuwar waya.

Binta: Ka rubuta wa'adin bugun zuciyar da ka saka, kuma ka duba ko SCP a kunne yake, don sakamakon zai bambanta.

Ɗanlami: In an kawo wuta a Kubwa yau da daddare zan turo.