Sabuwar Affinity ta kyauta a shagunan zane da bugawa: abin da kowa ya gani a wurin aikinsa

Mai shagon zane da bugawa, Ringim:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan sana'a. Tun ranar 30 ga Oktoba 2025 da kamfanin Canva ya saki sabuwar Affinity, ya kuma ce kyauta ce, yaran da ke koyon aiki a wurina suke tambayata ko lokaci ya yi da za mu ajiye CorelDRAW, manhajar zane da muka saba aiki da ita. Ga wanda bai bi labarin ba, asalin Affinity manhajoji uku ne na kamfanin Serif da ke Nottingham a Ingila, wato Designer ta zane, Photo ta gyaran hoto, da Publisher ta tsara shafukan littafi, kuma a da kowacce sai an saye ta da kuɗin waje. Canva ya sayi kamfanin a watan Maris na 2024, yanzu kuma ya haɗe su uku a manhaja guda, mai ɓangarori da ya kira Vector, Pixel da Layout.

Aikin farko da na gwada ta da shi kalanda ce ta wata ƙungiyar manoman shinkafa. Hotunan shugabanninsu duk da waya aka ɗauka, wani a rana tsaka fuska ta yi duhu, wani a cikin rumfa. A al'adata sai in gyara kowane hoto a Photoshop, in adana shi, sannan in kai shi Corel, idan kuma mai aiki ya zo ya ce fuskar shugaba ba ta fito ba, sai in koma baya in sake bin wannan hanya. A nan kuwa ina cikin shafin kalandar na koma ɓangaren Pixel, na haskaka fuskar, na goge wayar lantarki da ta gifta bayan hularsa, na dawo kan jerin kwanaki ba tare da na fita daga fayil ɗin ba. Wannan ya burge ni ƙwarai. To amma aiki ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa ta ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da maras daɗi.

Dattijo mai aikin ɗab'i, Dambatta:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka yi kyakkyawar tambaya. Ni ban gwada ta da hannuna sosai ba, yarona ne ke zama a kanta ina kallo, amma na san inda aikinmu ke zuwa bayan ya bar shago, kuma nan ne maganar take. Babu ɗayanmu a ƙauye da ke da injin buga bana ko injin da ke fitar da kati dubu, dole sai an aika Kano, kuma masu injinan nan abin da suka saba da shi fayil ɗin Corel ne. Affinity ba ta buɗe CDR, wato irin fayil ɗin Corel, ba ta kuma adanawa da shi. Duk tsofaffin ayyukana na shekaru, katunan ɗaurin aure, rasit na 'yan kasuwa, tambarin makarantu, a CDR suke, kuma mai aiki yakan dawo bayan shekara biyu ya ce a canza masa suna da kwanan wata kawai.

Mun aika wani bana a PDF zuwa wurin wani mai inji a birni. Maimakon ya buga shi yadda yake, sai yaronsa ya buɗe shi a Corel domin ya daidaita girma, da yake kuma ba shi da salon haruffan da muka yi amfani da su, rubutun ya canza kama, layi biyu suka hau juna. Allah ya taimaka ya turo hoto kafin ya buga. Tun daga nan na sa doka cewa duk abin da zai fita daga shagona a PDF, sai an mayar da rubutu zane tukuna, a kuma tabbatar launin CMYK ne, wato tsarin launuka huɗu na injin ɗab'i, baƙin ƙananan rubutu ya zama baƙi zalla ba gauraye ba. Manhajar tana iya yin duk wannan, ban ga gazawarta a nan ba. Abin da nake so matasa su fahimta shi ne, mutum bai canza manhaja shi kaɗai, sai wanda yake aika wa aiki ya yarda da canjin.

Malamin Islamiyya mai zane a gefe, Kibiya:

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, ni ma a wajen rubutu na tsaya, amma ta wata fuska. Mafi yawan aikina na makarantun Islamiyya ne: katin walimar saukar Alƙur'ani, takardar shaidar kammala hadda, jadawalin lokutan salla na watan azumi. Babu ɗaya daga cikinsu da ba ya buƙatar Larabci, ko da Basmala ce kawai a sama. Da na rubuta sunan makaranta da Larabci a sabuwar Affinity, haruffan sun fito a rarrabe ba su haɗu da juna ba, sun kuma jeru daga hagu zuwa dama. Na canza salon haruffa, abin bai sauya ba, domin manhajar ce ba ta da tsarin rubutun da ke farawa daga dama, kuma wannan tsohon giɓi ne da aka san ta da shi tun tana manhajoji uku. Ajami ma haka abin yake, tunda haruffan Larabci ne.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a wurina. Kuskure a rubutun boko abin kunya ne, amma aya ta fita a juye a katin da za a raba wa iyayen yara, wannan amana ce da mutum zai amsa tambaya a kanta. Hanyar da nake bi yanzu ita ce in rubuta Larabcin a Inkscape, wadda ita ma kyauta ce kuma tana haɗa haruffan daidai, in mayar da shi zane, in adana shi a SVG, wato wani nau'in fayil na zane, sannan in shigo da shi Affinity. Yana fita tsaf, sai dai da zarar ya zama zane ba a iya gyara harafi a cikinsa, idan an manta wasali ɗaya sai an koma an sake. Don haka na tanadi jaka guda a kwamfutata mai ɗauke da Basmala, da ayoyin da aka fi nema, da sunayen makarantun da nake wa aiki, bayan na kai wa babban malaminmu ya duba kowanne.

Duk da haka ban cire ta ba, kuma ina da dalili. Shekara da shekaru yawancinmu da kwafin manhaja na sata da aka fasa makullinsa muke aiki, wanda ake kwafa mana a filasha, mun kuma san haƙƙin wasu ne muke ci ba da izininsu ba. Ni da nake karantar da yara hukuncin dukiyar mutane, wannan abu ya daɗe yana damuna. Samun manhaja mai wannan ƙarfi, wadda masu ita da kansu suka ce a ɗauka, ya sauke mini wani nauyi daga zuciya.

Mai zanen sitika da lakabin kaya, Gumel:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni aikina na cikin gida ne, ina yi wa mata masu sana'a sitikar da suke manna wa kayansu: turaren wuta, humra, yajin daddawa, man shafawa, garin kunu. Ban taɓa ƙwarewa a Corel ba, da manhajar zane ta Canva na fara a waya, saboda haka ban sha wahalar sauya hannu ba, kuma da asusuna na Canva na shiga Affinity kai tsaye.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kayan aikin da ake kira Image Trace, wanda tsohuwar Affinity ba ta da shi. Kusan duk matar da za ta kawo mini aiki, tambarinta hoto ne da ya yi ta yawo a WhatsApp har ya dushe, wanda ya zana mata shi tun farko kuma ba a san inda yake ba. Wata Hajiya mai turaren wuta ta turo mini nata, kasko ne da hayaƙi yana tashi, da sunanta a ƙasa. Da na bi ta wannan hanya, kaskon ya fito da layi mai kaifi wanda za a faɗaɗa ba ya fashewa, amma hayaƙin ya zama gutsattsari, sunan kuma ya karkace, sai na share su na sake zana hayaƙin da hannu na rubuta sunan sabo. Ga tambari mai launi ɗaya ko biyu yana da kyau sosai, ga mai inuwa da launuka masu narkewa cikin juna kuwa kada a sa rai da yawa.

Akwai abin da ya kamata a sani game da kyautar. Kayan aikin ƙirƙirarriyar basira, irin wanda ke cire bayan hoto da dannawa ɗaya ko ya cike wani wuri da abin da ka rubuta masa, sai mai biyan kuɗin Canva ke samun su. Ni da burushin zaɓar sashen hoto nake cire bayan kwalbar humra, yana ɗaukar lokaci amma gefen yana fita da kyau. Malam, game da haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, su ba su da matsalar Larabci, abin ya danganta ne da salon haruffan da aka zaɓa. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da su, sai harafin ya fito da wata kama dabam a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su cikakku.

Mai gyaran kwamfuta da saka manhajoji, Wudil:

Salam. Ni ba mai zane ba ne, amma kwamfutocin masu zane da yawa na wannan yanki ta hannuna suke bi, kuma tun da labarin ya bazu ake kawo mini su a saka. Ba kowace ke ɗauka ba. Tana buƙatar Windows 10 ko 11 mai 64-bit, don haka duk wanda ke kan Windows 7 saboda tsohuwar Corel ɗinsa sai ya canza tukuna. Masu ita sun ba da shawarar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, mai gigabayit 8, alhali yawancin laftof ɗin da ake sayowa na hannu 4 gare su. A kan irin waɗannan tana buɗewa, tana yin ƙaramin kati, amma da an jera manyan hotuna a bana sai ta fara jan ƙafa. Wanda ya ƙara RAM ya kuma sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, a madadin tsohon faifai, yakan dawo ya yi godiya.

Sai maganar intanet. Saukar da ita na cin ɗaruruwan megabayit, kuma a karon farko dole a shiga da asusun Canva, wanda buɗe shi kyauta ne amma yana buƙatar imel. Waɗanda ke ƙauyukan da sabis ba ya tsayawa, a nan shagona muke kammala wannan mataki, bayan haka suna aiki da ita ba tare da data ba. Ga masu tsohuwar Affinity ta biyu kuma, sabuwar tana buɗe fayilolinsu, amma abin da aka adana a sabon tsarinta ba ya buɗuwa a tsohuwar, saboda haka a riƙa ajiye kwafin asali. Baba, game da tsofaffin ayyukanka, kada a goge Corel daga kwamfutar shago. Duk wanda aka buƙata a fitar da shi a PDF ko SVG daga can. Inkscape ɗin da Malam ya ambata ma tana buɗe wasu fayilolin CDR, ko da yake ba kullum suke fitowa yadda aka bar su ba.

Mai shagon zane da bugawa, Ringim:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bari in ƙara abin da na lura da shi a hannun yarana. Wanda ya daɗe a Corel ya fi shan wahala, domin yatsunsa sun riga sun haddace hanya: ya danna P yana son abu ya zo tsakiyar shafi sai alƙalamin zane ya fito, ya nemi PowerClip, wato abin da ake saka hoto cikin siffa da shi a Corel, bai gan shi ba, alhali a Affinity jan hoton ake yi a saka shi ƙarƙashin siffar a jerin shimfiɗu. Ana iya sauya maɓallan su dace da abin da mutum ya saba, kuma na yi wa babbansu haka. Ƙaraminsu kuwa, wanda bai san komai ba sai waya, ya riga kowa sakin hannu.

Abin da na tsayar a shagona shi ne, duk aikin da za mu buga da firintarmu a nan, kamar katin shaidar ɗalibai, satifiket da ƙananan littattafai, da Affinity za a yi shi, musamman da yake tana ɗaukar jerin sunaye daga Excel ta zuba kowanne a katinsa. Bana da fosta masu tafiya Kano za su ci gaba da fita daga Corel har sai na zauna da mai injin da nake hulɗa da shi mun daidaita yadda zai riƙa buga PDF ba tare da ya buɗe shi ya taɓa ba, kuma ina so a gama wannan magana kafin aikin fostocin zaɓen 2027 ya yi yawa.

Malamin Islamiyya mai zane a gefe, Kibiya:

Yaya, kafin ka mayar da satifiket gaba ɗaya can, ka tuna da na Islamiyya, waɗanda sunan kowane ɗalibi ke zuwa da Larabci. Zuba sunaye daga Excel ba zai yi a nan ba, tunda haruffan za su rarrabu kamar yadda na faɗa, kuma mayar da sunan yaro ɗaya-ɗaya zuwa zane aiki ne mai cin rana idan ajin babba ne. Abin da nake yi shi ne in zana firam da adon takardar a Affinity in buga su, sannan in mayar da takardun cikin firinta in buga sunayen daga Word, wadda ke rubuta Larabci daidai. Sai dai a fara gwadawa da farar takarda, a ɗora ta kan satifiket ɗin a ɗaga wa haske, a tabbatar sunan ya zauna a kan layinsa kafin a saka masu tsada.