Wane gyara aka taɓa yi wa hotonka da har yau ba ka manta ba?

Mai buɗe zance, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na nuna hotuna uku da na ɗauka a marinar Ƙofar Mata. Kowa sai "Masha Allah", "Allah ya ƙara basira". Na ji daɗi, amma ban ƙaru da komai ba. Mutum ɗaya ne ya biyo ni ta gefe ya ce: "Malam, ka ƙara wa shuɗin nan ƙarfi har ya daina kama da rinin baba. Dubi hular marinin." Na duba, farar hula ta koma shuɗiya, don na ja ƙarfin launi a Snapseed, manhajar gyaran hoto, a kan hoton gaba ɗaya maimakon kan zanen kaɗai. Wannan magana ɗaya ta fi mini yabon nan duka amfani. Don Allah kowa ya faɗi yadda aka taɓa yi masa gyara, ko yadda shi ya yi wa wani.

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Nawa a Hawan Sallah ne. Na samu wani mahayi ya ja linzami, doki ya ɗaga kai, alkyabba na tashi, ni a ganina ban taɓa ɗaukar hoto irinsa ba. Na kai wa wani dattijo mai shagon hoto a unguwarmu, tun zamanin fim yake sana'ar. Ya riƙe wayar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗora babban yatsa a ƙasan hoton ya ce, "Yaro, ina kofaton?" Ashe na yanke ƙafafun dokin daidai idon sawu. Ya ƙara da cewa na matse hancin dokin a jikin gefen hoto, ga fili a bayansa ba amfani, alhali abin da ke tafiya gabansa ake bar wa wuri. Da ya nuna rawanin mahayin da ya yi fari fat, na ce to rawanin fa, zan iya dawo da shi a gyara? Ya ce a'a, farin da rana ta ƙone ya tafi ke nan, babu zare ko ɗaya da ya rage a ciki, tun wajen ɗauka ake rage haske. Wallahi ranar raina ya sosu, don yabo na je nema. Amma bai ce hoton banza ba ne, wuri uku ya nuna mini da yatsa. Har yau in zan danna sai na dubi kusurwa huɗu tukuna.

'Yar'uwa daga Kaduna:
Ni na yi kuskuren a ɓangaren mai gyara. Ƙawata ta ɗauki amarya ranar lalle, ta goge fuskar da filta har fatar ta zama kamar roba, hannun da ke ɗauke da lallen kuma baƙi yadda Allah ya yi shi. Na rubuta a gaban mutane cewa fuska da hannu kamar na mutum biyu. Gaskiya na faɗa, amma wata guda ba ta kula ni ba. Daga baya na ji ashe amaryar ce ta matsa a haska ta. Da na tambaya tun farko, da na san inda zan sa bakina. Yanzu sai na ce, "Me kike so a gani a hoton nan?" kafin in ce uffan, kuma ni da ke kaɗai. Maganar haske fata dai ina nan a kan bakana: a gyara hasken wuri, a bar wa mutum launinsa.

Daga Agadas:
Ba kowane gyara ake karɓa ba fa. Na ɗauki hasumiyar babban masallacinmu, mai tsawon mita 27, a cikin hunturu. Wani ya ce mini ta yi kamar za ta faɗi baya, saboda na tsaya a gindinta na ɗaga waya sama. Wannan na karɓa, na koma na ja da baya sosai na sake ɗauka. Wani kuma ya ce in cire hazon da manhajar Lightroom don sama ta fito shuɗiya. Na gwada, hoton ya fito tas, amma ba garinmu ba ne a watan Janairu. Ƙurar nan ita na je ɗauka. Na gode masa, na bar hazona.

Daga Jos:
Ƙaramin abu: WhatsApp yana matse hoto. An taɓa ce mini hotona ya dushe, alhali asalinsa garau yake. In kana neman gyara na gaske, tura shi a matsayin fayil.

Ɗalibi daga Katsina:
Ni matsalata yi wa manya gyara. Akwai yayanmu da ya koya mini riƙe kyamara, ya nuna mini hoton ɗansa a gaban hasumiyar Gobarau, ga sandar wutar lantarki ta fito daidai tsakiyar kan yaron. Bakina ya yi nauyi. Can sai na ce, "Yaya, da a ce ka matsa taku biyu dama, sandar nan za ta fita ko?" Ya ƙura ido, ya ce sam bai lura da ita ba, idonsa na kan fuskar yaron. Bai ji haushi ba, amma ban sani ba ko da na faɗa kai tsaye zai ɗauka haka.

Mai buɗe zance, Kano:
Na gode ƙwarai. Ɗan'uwa na Zariya, na koma kan hotunan marinar da maganar kusurwa huɗu, sai ga rabin bokitin roba ja a ƙasan na biyu, ban taɓa ganinsa ba. Ranar Asabar in sha Allah zan koma Ƙofar Mata bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Zan kawo asalin hoton da wanda na gyara gefe da gefe, ku nuna mini wurin da hannuna ya yi nauyi.