Littafin kaunsilin ya ce kaza, mutanenmu kuma daban, ya kuke yi?

Ɗalibar aji huɗu:
Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka karanci gaidans da kaunsilin (aikin sauraron masu damuwa da ba su shawara) ko suke aikin ku taimaka min. An tura mu firaktikal wata sakandaren 'yan mata, to abin da aka koya mana shi ne ka kalli mutum ido cikin ido, ka bar shi ya yanke wa kansa shawara, kuma sirri tsakaninku ne ku biyu. Yarinyar da aka kawo min kanta na ƙasa har muka gama, mamanta ta ce ba inda za ta, a gabanta za a yi maganar, kuma wai aljanu ne har an fara ruƙiyya. Ga makarantar akwai Fulani da Barebari da Ibo da 'yan kudancin Kaduna. Lacca ɗaya tak aka yi mana kan al'adu. Littafin zan bi ko me?

Tsohon malami:
Wa alaikis salam 'yata. Ai ko a Amurka inda aka rubuta littattafan an yi wannan rigimar, don baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya sun daɗe suna cewa tsarin da Turawa aka auna shi. Derald Wing Sue da abokan aikinsa sun fara tsara maganar a 1982, a 1992 kuma shi da Patricia Arredondo da Roderick McDavis suka fitar da abin da ake koyarwa har yau: ka san kanka da son zuciyarka, ka san yadda wanda ke gabanka yake kallon duniya, sannan ka iya dabarar da ta dace da shi. A cikin ukun nan, na biyun ɗalibai suke haddacewa saboda shi ke fitowa a jarabawa, na farkon kuwa tsallake shi ake yi alhali shi ne mai wuyar. Ke Bahaushiya ce ita ma haka, amma kin yi boko kin tashi a birni, da kika ji an ce aljanu me ya fara zuwa ranki? In raini ne to uwar ta gani a fuskarki tun kafin ki buɗe baki. Sunkuyar da kai kuma kunya ce da ladabi, kar ki rubuta a fayil wai tana ɓoye wani abu.

Ɗan Fagge:
Ni fa gaskiya a watsar da littattafan nan kawai. Kafin zuwan su Carl Rogers, masanan kaunsilin na Turawa, ba liman da gwaggo da mai unguwa ne ke sasanta mutane ba? kuma ana zaune lafiya

Nas a asibitin ƙwaƙwalwa:
Ɗan Fagge ban yarda da kai duka ba. Gwaggo tana da amfani sosai, a Zimbabuwe ma Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya sa suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa kuma abin ya yi aiki, amma fa sai da aka horar da su tukuna. Sannan gwaggon nan wani lokacin ita ce ke cewa yi haƙuri ki koma ɗakinki alhali dukan yarinyar ake kullum.

'Yar'uwa mai tambaya, ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo tun 1954 a Aro ta Abeokuta yake sauke masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da danginsu, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, kuma likita ne da ya yi karatu a Ingila. Mu a wajen aiki ba ma musu da kowa kan aljanu, in kika yi musu ba za su dawo ba, shi ke nan kin rasa yarinyar. Tambaya muke yi. Me kuke ganin ya jawo? yaushe ya fara, me ya faru a gida lokacin, wa kuka je wa, me ya taimaka? Littafin DSM-5 na 2013, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa wajen gane cuta, shi ma yana da tambayoyi 16 irin waɗannan, ki nema ki mai da su Hausarki. A ci gaba da addu'a, ke ma ki ci gaba da naki. Uwar kuma ki fara ba ta girmanta, ki gaishe ta sosai ki saurare ta ta gama, sannan ki ce Mama dan Allah a ba mu minti goma ni da ƙanwata, yawanci suna yarda. Inda ba sassauci shi ne in yarinya ta ambaci kashe kanta, ko ta daina ci da barci, ko ana dukanta ko ɗaure ta da sunan magani, nan asibiti za ki tura kai tsaye kuma ki sanar da mai duba aikinki.

Maman biyu daga Kafanchan:
Bari in ƙara wani abu. Ni Kirista ce, Hausa na tashi da ita, na taɓa zuwa wajen wata mai ba da shawara bayan rasuwar mijina, daga jin Hausata ko tambaya ba ta yi ba ta hau ba ni azkar na safe da yamma. Niyyarta mai kyau ce wlh amma ban koma ba. Kuma wannan jerin da ake ba ɗalibai wai Bafulatani ba ya faɗin ciwonsa, Ibo kaza, ni tsoro yake ba ni, sai mutum ya shigo a riga an gama yanke masa hukunci. Ki tambayi yaran da kansu wa suke kai wa kuka a gida, wata fasto ce wata kaka wata ba kowa.

Ɗalibar aji huɗu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Anti nas in uwar ta ƙi fita fa ko bayan na roƙe ta?

Nas a asibitin ƙwaƙwalwa:
Kar ki matsa, ku yi zaman ku uku a ranar. Ai makaranta ce, yarinyar tana nan gobe lokacin tara, ki ce mata ofis a buɗe yake. Amma ki gaya wa uwar tun yanzu cewa za ki riƙa ganinta, kar ta ji a bakin wani.