Idan Allah ne ya taurare zuciyar Fir'auna, ina laifinsa?

Ɗalibar Littafi:
Salama a gare ku. A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba mun karanta Fitowa 4:21, inda Ubangiji ya faɗa wa Musa cewa zai taurare zuciyar Fir'auna tun kafin Musa ya koma Masar. To, yaya za a hukunta mutum a kan taurinkan da ba shi ya zaɓa ba?

Dattijon Ikkilisiya:
'Yata, ki bi labarin daki-daki. A Fitowa 8:15 da 8:32 Fir'auna ne ya taurare zuciyarsa da kansa da zarar ya ga sauƙi ya samu, kuma sai bayan annoba ta shida, wato marurai, aka ce Ubangiji ya taurare ta, a 9:12. A ganina Allah ya sakar masa linzami ne a kan hanyar da ya riga ya ɗauka.

Malamin Tauhidi:
Baba, wannan gaskiya ne, amma Romawa 9:18 ba ta bar mana ƙofa mai faɗi haka ba, domin Bulus ya jingina jinƙai da taurarewa duka ga nufin Allah. Orijin na Iskandariya, wani malamin Kirista na zamanin dā, ya kawo misalin rana, wadda take narkar da kakin zuma, ta kuma busar da laka: wato aikin Allah ɗaya ne, amma wata zuciyar takan yi taushi, wata kuma ta taurare.

Ɗalibar Littafi:
Na gode, Malam, sai dai laka ba ita ta zaɓi zama laka ba.