Tsohuwar bindigar Greener mai kunnuwa a waje: in saya ko in haƙura?

Baban Iman:
Assalamu alaikum. Wani dattijo Bature da muke harbi tare a gefen Birmingham zai sayar min da W.W. Greener mai baki biyu, irin ta dā mai kunnuwa a waje da ake ɗanawa da babban yatsa. Bututun Damaskus ne, wato na ƙarfen da aka murɗa aka haɗa irin na dā, tambarin gwajin ƙarfinta na baƙin albarushi ne kawai. Fam 900 yake nema. Ina da lasisi, kuma harbi nake so in riƙa yi da ita, ba ado ba. Waye ya taɓa riƙe irinta?

Alhaji Na Leeds:
Wa'alaikumus salam. Ka nemi Purdey kawai, tun 1814 suke ƙera bindiga.

Baban Iman:
Alhaji, da ina da kuɗin Purdey ai da ban tambaya ba.

Ɗan Gwanjo:
Ɗan'uwa, ji nawa. Na ba wani dillali fam 1,400 a kan wata irinta, zanen jikinta ya ɗauke min hankali, ban kai an auna ba. Da maƙeri ya sa ma'auni sai ya ce an sha kankare cikin bututun don ɓoye cin tsatsa, kaurin ƙarfen ya yi ƙasa da abin da ake yarda da shi, ta fita daga gwaji, wato tambarin gwajinta ya daina aiki. Sayar da irin wannan laifi ne a Ingila, amma da na koma sai mutumin ya ce a matsayin kayan tarihi ya ba ni. Shekara uku tana kulle a akwati. Har yau in na buɗe raina ɓaci yake.

Alhaji Na Leeds:
900 ma ta yi yawa. Na ga irinta 350 a gwanjo.

Ɗan Gwanjo:
Alhaji, da girmanka, gani ka yi ko saya? Mai lafiya ba ta zuwa haka.

Malam Maiharbi:
Ku yi haƙuri. Baban Iman, ka sa sharaɗi a kai ta gidan gwajin bindigogi na Birmingham, yana nan tun 1813. Sai dai ku yi magana tun farko kan wanda zai ɗauki asara in bututun ya kumbura. Kuma gurbin harsashinta mai yiwuwa inci biyu da rabi ne, kada ka cusa mata na 70mm, ya fi gurbin tsawo.

Sarkin Baka:
Mu da muka taso da harba-ka-ruga, wa ya taɓa auna mata kauri? Bismillah ce gwajinmu!

Ɗan Gwanjo:
Malam, ko ta ci gwaji, me zai zuba mata? Tun 2025 gwamnati ta sanar za a hana harsashin dalma, na ƙarfe kuma ba ya shiri da Damaskus.

Malam Maiharbi:
Akwai na bismut, wani ƙarfe da ake sawa a madadin dalma.

Ɗan Gwanjo:
Ka tambayi kuɗin kwali ɗaya tukuna. Masu tsofaffin bindigogi aka bari da kuka.

Baban Iman:
Jama'a, ranar Asabar zan ba dattijon amsa fa.