Ina Neman Shawara: Jarraba Ta Same Ni a Wurin Aiki

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama gare ku. Ni magatakarda ce a wani sito a Sabon Garin Zariya. Oga yana matsa mini in riƙa ƙara kuɗi a rasit, in na ƙi, in nemi wani aikin. Maigidana ba ya aiki, ga kuɗin makarantar yara.

Na yi azumi, na yi addu'a. Na san 1 Korantiyawa 10:13 ta ce Allah ba zai bari a jarrabce mu fiye da ƙarfinmu ba, zai kuma buɗe mafita. Amma duk safiya in na hau Keke daga Wusasa, gabana faɗuwa yake yi, mafitar ban gan ta ba.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya jingina ga ikon Ubangiji har ya tsaya? In ajiye aikin ne, ko in zauna ina ƙi?